Wane Ne Ɗan Gari? Baƙunci, Ƙaura da Haƙƙin Zaman Tare a Dawakin Kudu

Gabatarwa

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Raɓa da dare take sauka, hantsi na yi ta bushe, ba ta barin ko alama. Kaba kuwa saiwarta tana can cikin ƙasa. Ko an sare ta, ko wutar daji ta bi ta kanta, damina na faɗuwa za ta sake tohowa. Waɗanda suka yi wannan karin magana sun san duniyar da suke ciki: wanda aka haifa a gari, a nan zai yi noma, a nan zai yi aure, a nan za a binne shi, shi kuwa mai zuwa daga nesa kwanakinsa ƙidayayyu ne.

A ƙasar Dawakin Kudu, inda aka yanke mini cibiya shekara 25 da suka wuce, da maƙwabtanmu na Kura da Bunkure da Garun Malam, wannan lissafi ya soma birkicewa. Akwai mutanen da suka zo cin rani tun ban iya tafiya ba, har yau suna nan, 'ya'yansu sun yi makarantar allo tare da mu. Akwai kuma waɗanda kakanninsu ne suka sari dajin garin, amma shekara biyar ke nan ba wanda ya sa su a ido sai ta hoton waya. Tambayar da wannan maƙala take son fuskanta ita ce: idan al'amari ya koma haka, wane ne ɗan gari? Mene ne kuma haƙƙin da ke tsakanin wanda ya zo, da wanda ya tafi, da wanda ya zauna? Tambayar tana da nauyi, domin amsarta ce take yanke wanda za a ba aron gona, da wanda za a ba aure, da wanda za a fara zargi in an yi sata, da wanda za a tsaya wa ranar da ya shiga uku.

Ba Yau Duniya Ta Fara Shigo Mana Ba

Kafin a yi hukunci a kan yau, ya kamata a yi wa jiya adalci. Masu kukan lalacewar zamani sukan yi magana kamar a da garuruwanmu a kulle suke, ba shiga ba fita. Tarihi bai goyi bayan haka ba. Baƙin rini mai sheƙi da aka san Kura da shi, wanda har rawani ya ci sunan ɗan Kura, Buzaye ne manyan masu sayensa, kuma a kan raƙuma yake ƙetare Sahara. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya tarar tufafin ƙasar Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Masaƙa da marina na ƙauyukan kudancin birni suna cikin masu wannan aiki. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, bayansa gyaɗa ta zama hajar da ke tafiya masana'antun Ingila, manomin ƙauye ya fara jin farashin da aka yanke a wata ƙasa yana taɓa tukunyarsa.

Shi kansa birnin Kano da baƙi ya ginu. Wangarawa sun zo a zamanin Sarki Yaji. Sunayen unguwanni irin su Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Agadasawa da Ayagi shaida ne cewa Barebari da Nufawa da mutanen Agadas da Yarbawa sun zo sun zauna, jikokinsu kuma yau Kanawa ne ba tantama. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, daga Agalawa ya fito, mutanen da asalinsu yake komawa arewa wajen Sahara, amma wa zai ce masa baƙo a Kano?

Sai dai mu'amalar wancan zamani tana da linzami biyu. Na farko, lokaci: ɗan cin rani yakan fita bayan girbi, ya dawo kafin ruwan shuka, saboda haka gari yakan cika da mutanensa a lokacin da ya fi buƙatarsu. Na biyu, mai masauki: baƙo ba ya shiga gari haka kawai, sai ya sauka a hannun wani, wanda zai kai shi gaban mai unguwa, ya tsaya masa in an cuce shi, ya amsa tambaya in ya yi ɓarna. Waɗannan linzamai biyu su ne suka tsinke a zamaninmu, kuma yawancin abin da muke kuka da shi daga tsinkewarsu ya samo asali.

Abin da Ruwan Tiga Ya Zo da Shi

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da aka soma a mulkin Gwamna Audu Baƙo. Daga can aka jawo magudanan ruwa zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, a ƙarƙashin shirin noman rani na Kogin Kano, wanda aka tsara kashinsa na farko zai shayar da kimanin hekta 22,000. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda take kula da shirin. Mu mutanen Dawakin Kudu muna gefen wannan daula ta ruwa: wasunmu suna noman fadama a bakin kogin da ya bi ta Tamburawa, wasu suna karɓar hayar gona a ƙasar Kura da Bunkure, da yawa kuma suna cin abinci ta dako da dillanci da tuƙin mota.

Ruwan nan ya juya akalar cin rani. A da mutanenmu ne ke fita da rani neman abin yi. Bayan zuwansa rani ya zama lokacin alkama da tumatir da albasa, damina kuma ta shinkafa, sai ga matasa daga Jigawa da Katsina da Damagaram da Maraɗi suna kwararowa neman aikin dashe da cira da yankan shinkafa. Kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan ta jawo 'yan kasuwa daga kudancin Najeriya. Albarkar wannan ba ta ɓoyuwa: an yi rufin kwano, an je Hajji, an sa yara a makaranta.

Amma duk abin da ya samu farashi, matsayinsa a zukatan mutane yakan canja. Gayya ta ginu ne a kan cewa yau gonarka, gobe tawa, kuma da ni da kai muna nan har gobe ɗin. Da aka samu wanda zai yi aikin a biya shi da yamma a rabu, sai mai hali ya ga ba shi da buƙatar ɗaukar bashin gumin maƙwabcinsa, marar hali kuma ya rasa wanda zai taya shi. Gonar da a da ake ba mutum aro don Allah da zumunci, ta koma haya da jingina. Ƙwadago halal ne, kuma ya rufa wa dubban gidaje asiri. Abin lura dai shi ne, gayya tana barin wani abu bayan aikin ya ƙare, wato nauyin juna, shi kuwa ƙwadago da an biya an wanye. Garin da mu'amalarsa duka ta koma ta biya-mu-rabu zai iya yin arziki, amma mutanensa za su wayi gari ba mai jin nauyin wani.

Farashin da Ake Yankewa a Nesa

Dunƙulewar duniya, a idon manomin yankinmu, tana nufin cewa abin da zai samu a ƙarshen shekara ya dogara da abubuwan da bai gani ba, bai kuma san masu yin su ba. A 1987 gwamnati ta hana shigo da alkama, manoman Kadawa suka amfana. Da aka janye hanin, kasuwar ta faɗi. A 2016 tsutsar nan da manoma suka raɗa wa suna sharon, wadda asalinta daga Kudancin Amurka take, ta bi ta Turai ta iso mana, ta cinye gonakin tumatir cikin 'yan kwanaki. Har masana'antar tumatir ta Dangote da aka buɗe a Kadawa a shekarar sai da ta tsaya saboda rashin kaya. A lokaci guda kuma tumatirin gwangwani da ake shigo da markaɗensa daga Sin yana cike da kantuna. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, shinkafar gida ta yi daraja, injinan gyaran shinkafa na Kura suka kwana suna aiki. A 2022 yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren, kuɗin taki ya tashi. A watan Mayu na 2023 aka cire tallafin man fetur, mai injin ban ruwa ya fara lissafin kowace lita.

Wannan yana da illa ga ɗabi'a wadda ba kasafai ake lura da ita ba. Ma'aunin da muka gada na auna mutum yana cewa mai himma ya samu, rago ya rasa, mai gaskiya ya biya bashi, mayaudari ya ƙi. Yau kuwa mutum zai yi asubanci wata uku, ya ci bashin taki da magani, ranar da tumatirinsa ya nuna kasuwa ta cika, kwando ya kasa biyan kuɗin motar da ta kai shi. Idan ya kasa biyan bashi, da wane suna za mu kira shi? Wanda ya ba shi bashin shi ma wani ne ya ba shi. Na ga zumunci na shekaru ya ɓaci tsakanin wasu dattawa biyu na unguwarmu a kan kuɗin taki, alhali a cikinsu babu maƙaryaci. Da yake zuciya ba ta iya jin haushin kasuwar duniya, sai ta nemi fuskar da ke kusa: ɗan'uwa, ko dillali, ko kuma baƙo, wanda shi ne ya fi sauƙin ɗora wa laifi.

Waɗanda Suka Tafi

Na yi karatun digirina a birnin Kano, kuma a cikin samarin da muka tashi tare, kaɗan ne suke kwana a garin yau. Wasu suna acaɓa da gadi a Legas da Abuja. Da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumominta a 2022, a gidajenmu aka ji raɗaɗin. Wasu sun bi ta Agadas zuwa Libiya da Aljeriya, wasu sun nufi wuraren haƙar zinare na arewacin Nijar tun bayan da aka gano shi a Jado a 2014. Akwai mata da suka tafi aikatau Saudiyya. Irin wannan tafiya ba ta san damina ba. Mai ita yakan yi shekaru, kuma ba shi da ikon cewa ga ranar dawowarsa.

Tun da wayar hannu ta shigo Najeriya a 2001, nisa ya rage zafi. Kuɗi yana isowa cikin minti ɗaya, a cire shi a wajen mai POS na bakin kasuwa. Dangi suna da zaurensu a WhatsApp, a nan ake sanar da haihuwa da rasuwa. Zalunci ne a raina wannan. Kuɗin da ɗan acaɓa ya turo ya sayi magani, ya biya kuɗin jarrabawa, ya hana a sayar da gonar gado. Wanda ya bar matarsa da 'ya'yansa ya kwana a ƙarƙashin gada don ya ciyar da su, bai yanke zumunci ba.

Duk da haka, da Hausawa suka ce zumunci a ƙafa yake, sun san akwai ayyukan da sai jiki. Kuɗi ba ya juya majinyaci a kan shimfiɗa, ba ya ɗaukar makara, ba ya zama a zaure ya sasanta miji da mata. Waɗannan ayyuka ba su ragu ba don masu yin su sun ragu. Sun taru ne a kan waɗanda suka zauna, musamman mata da ƙannen da ba su samu fita ba. Lokacin jinyar kakarmu, wani yayanmu da ke Legas ya riƙa turo kuɗi ba fashi, kowa yana sa masa albarka. Wata rana na ce wa gwaggona, wadda ta shafe wata huɗu tana kwana a ƙasa kusa da gadon, “Gwaggo, ai Yaya ya yi ƙoƙari.” Ta ce, “Ya yi, ɗan nan, Allah ya saka masa. Amma shi nasa ana ƙirgawa.” Maganarta ta nuna wani rashin adalci da ya zama ruwan dare: gudummawar da ta zo da lamba ana ganinta, wadda aka biya da barci da lafiyar jiki kuwa ana ɗaukarta kamar ba komai.

Ƙaura ta kuma taɓa girma a cikin gida. A tsarin gandu, uba ne ke riƙe da rumbu, saboda haka maganarsa ce ta ƙarshe. Yau a gidaje da yawa rumbun yana aljihun ɗa ɗan shekara 27 da ke wata ƙasa, kuma shi ake jira ya ce a yi ko a bari. Haka nan ma'aunin wadata ya tashi daga unguwa ya koma waya. Budurwar da ke kallon bukukuwan Abuja da Dubai a TikTok, da saurayin da ya san 'yan wasan Arsenal da Real Madrid fiye da sunayen kakanninsa, ba miyagu ba ne. Idonsu ne ya ga abin da hannunsu bai kai ba. Sakamakon shi ne lefe da kayan ɗaki suna ta hauhawa, aure yana ta nisa, wanda ya zauna yana noma kuma ana yi masa kallon wanda ya kasa.

Waɗanda Suka Zo

Baƙinmu na yau iri uku ne. Akwai 'yan ƙwadago, waɗanda ruwa ya jawo. Akwai waɗanda tashin hankali ya koro, daga Borno da Yobe tun rikicin da ya soma a 2009, da kuma Zamfara da Katsina da Sakkwato saboda 'yan bindiga. Akwai kuma mutanen birni, waɗanda cunkoso da tsadar haya suka turo, suna sayen filaye a gefen titin Zariya, daga Kwanar Dawaki zuwa Tamburawa, inda gonakin dawa suke komawa fulotai.

A nan ne jarrabawar take, domin ba ma yi wa waɗannan baƙi kallo ɗaya. Wanda ya zo da mota ya sayi gonar gado ya kewaye ta da katanga, cikin wata uku ya zama Alhaji na sahun gaba, ana neman shawararsa, ko da bai san sunan maƙwabcinsa ba. Wanda ya zo da lauje da buhu a kafaɗa, ya shekara 15 yana dashen shinkafarmu, yana sallah a masallacinmu, har yanzu sunansa “mutumin Nijar” ko “ɗan gudun hijira”. In akuya ta ɓata, rumfarsa za a fara dubawa. In ya nemi aure, sai a tuna ba a san asalinsa ba. Ɗansa da aka haifa a nan, wanda bai san wani gari ba, ranar da zai nemi takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma don shiga makaranta ko neman aiki, sai a tambaye shi garin kakansa. Idan muka duba da kyau, za mu ga abin da muke ƙyama talauci ne, muka sa masa rigar baƙunci.

Mu kuwa mun fi kowa sanin amfanin baƙo. Kwalejin Kimiyya ta Dawakin Kudu, wadda aka buɗe a 1977, ta tara yara daga sassan tsohuwar Jihar Kano, da malamai daga nesa, kuma likitoci da injiniyoyin da ta yaye su ne suka kai sunan garin inda da ba a san shi ba. Sannan duk wulaƙancin da muke yi wa ɗan Damagaram a bakin gona, irinsa ake yi wa ɗanmu a Legas da Sabha. Ba zai yiwu mu yi kuka da yadda ake kama 'ya'yanmu a can saboda kamanninsu da harshensu, mu dawo gida mu yi wa wani haka ba.

Hujjar Masu Tsoro

Akwai masu cewa wannan magana ta ɗan makaranta ce wanda bai san duniya ba, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Suna cewa zamani ya lalace. Garuruwa da yawa a arewa maso yamma sun ga yadda masu kai wa 'yan bindiga rahoto suke fakewa cikin jama'a. Ƙwaya tana yawo. Ƙasar noma tana ƙarewa a ƙaramar hukumar da tun ƙidayar 2006 take da mutum sama da 200,000. Suna tambaya: in muka buɗe ƙofa ga kowa, me za mu bar wa 'ya'yanmu?

Tsoron gaskiya ne, kuma wanda ya yi masa dariya bai yi adalci ba. Amma a duba abu biyu. Na farko, gonakin da suka salwanta, ɗan ƙwadago bai sayi ko taƙi ɗaya a cikinsu ba. Mu ne muka sayar, ga masu kuɗi, sau da yawa don a raba gado ko a yi biki ko a biya wa wani kuɗin tafiya. Na biyu, zargin jama'a a dunƙule ba ya kawo tsaro. Mutumin da aka ware, ba mai gaishe shi, ba mai sanin inda yake kwana, shi ne wanda ba a san abin da yake ciki ba, kuma in ya ga wani mugun abu ba zai faɗa ba, don ya san shi za a fara kamawa. Kakanninmu ba su fi mu ƙarancin hatsari ba. Sun yi zamani da mahara da 'yan fashi. Dabararsu ita ce su jawo baƙo kusa har ya zama sananne. Tsarin mai masauki yana ba gari tsaro, yana ba baƙo mutunci, kuma ba a samun ɗaya sai da ɗayan.

Ma'aunin da Nake Gani

A ganina, zama ɗan gari yana da asali biyu. Akwai na haihuwa, wanda kyauta ce daga Allah, ba wanda ya yi wahalar samunsa, saboda haka ba abin taƙama ba ne. Akwai kuma na ɗaukar nauyi, wanda mutum yake samu da aikinsa. Na farko yana ba mutum gado da suna. Na biyu shi ne yake riƙe gari.

Noman rani da kansa yana koyar da wannan. Magudanar ruwa ɗaya ce take bi ta gonaki da yawa. In na farkon hanya ya tare ruwa fiye da rabonsa, na ƙarshe ya bushe. In aka bar yashi da ciyawar kacalla suka toshe hanya, kowa ya yi asara, da mai gonar gado da ɗan haya. Shi ya sa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa suke kiran kowa ranar yashe magudana, kuma a ranar ba a tambayar kowa garin kakansa. Abin da ake dubawa shi ne wa ya fito da shebur, wa ya noƙe. Da za mu ɗauki wannan ma'auni mu shigo da shi cikin gari, da tambayoyinmu sun canja. Wa yake fitowa in an yi rasuwa? Wa yake bayarwa in za a gyara rijiya ko rufin makaranta? Wa yake yarda a yi masa hukunci a gaban mai unguwa in ya yi laifi? Wanda ya cika waɗannan shekara da shekaru ya zama namu, ko daga ina ya zo, kuma 'ya'yansa 'ya'yan gari ne. Addininmu ma ya ɗora haƙƙin maƙwabtaka a kan kusancin gida, bai ɗora shi a kan asali ba, kuma tarihin Musulunci ya fara ƙidayar shekarunsa ne daga shekarar da mutanen Madina suka karɓi baƙi suka raba dukiyarsu da su.

Wannan ma'auni yana da kaifi biyu. Yana tambayar mai katanga da ya sayi fili: ka sayi ƙasa, amma ka shiga gari? Yana kuma tambayar ɗan asalin da ya tafi: bayan kuɗin da kake turo wa gidanku, me ya rage tsakaninka da unguwa? Ba na cewa wanda ya tafi ya fita daga cikinmu, domin yawancinsu dole ce ta fitar da su. Ina cewa ne haƙƙinsa bai ƙare a kan lambar asusu ba: ya san wanda yake ɗauke da nauyin da ya bari, ya gode masa, ya saka masa, ya kuma zo da ƙafarsa duk lokacin da hali ya yi. Mu ma matasa masu digiri tambayar ta hau kanmu, domin mu ne muka fi kowa saurin ɗaukar jaka, kuma ilimin da gari ya yi wahalar ba mu sau da yawa wani gari ne yake cin moriyarsa.

Kammalawa

Ba mai iya mayar da ruwan Tiga baya, ba mai iya raba matasa da waya, kuma muddin akwai yunwa da rashin tsaro mutane za su ci gaba da zuwa da tafiya. Abin da ke hannunmu shi ne yadda za mu zauna da juna a cikin wannan hali. Masu unguwanni da dagatai su farfaɗo da tsarin mai masauki, a rubuta kowane baƙo tare da wanda ya tsaya masa, a kuma ba shi kariya daidai da yadda ake neman ya kiyaye doka. Ƙaramar hukuma ta duba halin yaran da aka haifa a nan suka tashi a nan, kada a bar su ba su da garin da za su kira nasu. Iyalai su riƙa lissafa wahalar mai jinya da mai tsaron gida kamar yadda suke lissafa kuɗin mai turowa, musamman ranar rabon gado. Malamai su yi wa'azi a kan haƙƙin ɗan ƙwadago da sassauta wa wanda kasuwa ta karya. Dattawa kuma su yi tunani sau biyu kafin su sa hannu a takardar sayar da gona, domin kuɗin fili yakan ƙare cikin shekara, jikoki kuwa suna nan tafe.

Yaran da ke wasa yau a bakin magudanan Kura da lungunan Dawaki, wasu jikokin masaƙa ne, wasu 'ya'yan waɗanda suka gudo daga Zamfara, wasu kuma iyayensu suna Libiya. Nan da shekara 20 su ne za su riƙe garin, kuma irin zaman da suka ga mun yi da iyayen junansu, shi za su ɗauka a matsayin al'ada. Allah ya ba mu ikon barin musu abin da za su yi koyi da shi.